Hannun da Na Ɗaure a Garwa

Tun da na dawo ƙafa ba ta ɗauke a gidan nan ba. Kowa ya shigo, “Falmata, yaya hanya? Yaya kika baro Dudu?” Da na buɗe baki sai kuka ya riga magana fitowa, mutum ya tashi ya tafi bai ji komai ba. Shi ya sa na ce da Malama ta ɗauko takarda ta zauna, in faɗa sau ɗaya ta rubuta, wanda ya zo a karanta masa. Malama 'yata ce ta fari, tana koyarwa a firamare. Ni ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba.

Wanda bai san Dudu ba, ƙawata ce. Gida ɗaya aka kawo mu haya a Tudun Wada, nan Gombe, muna amare, mazajenmu duka direbobin manyan motoci. Ni Babarbariya, ita Bafulatana 'yar Garwa ta ƙasar Kamaru. Tun ranar farko ta kalli tsagar fuskata ta ce an kawo mata baiwa, ta sa mini suna Kolejo, haka suke kiran Barebari. Ni kuma na ce da ita mai bin wutsiyar saniya. A bakinta na koyi Fulatanci. Da mijina ya rasu ita ta zauna da ni har na fita takaba, da nata ya bi shi na rama mata.

Bara ta ja ni ɗaki ta nuna mini wani kullutu a nononta na hagu. Ashe ta daɗe da shi tana ɓoyewa. Aka yi ta zaryar asibiti, har ranar da likita ya keɓe ɗanta Buba ya ce ciwon daji ne, ya riga ya bazu, a kai ta gida a lallaɓa ta. Buba ya ɗauke ta zuwa gidansa a Tumfure. Kullum da safe nake hawa keke tun daga Tudun Wada in je in yi mata wanka in wanke ciwon, don wurin ya fashe, kuma ta ce ba ta yarda surukarta ta gani ba.

To akwai abin da ya kamata ku sani, in ba haka ba tafiyar nan ba za ta yi muku ma'ana ba. Buba ba shi ne ɗanta na fari ba. Cikinta na fari gida ta koma ta haihu, mace, aka sa mata Aminatu. Ranar da aka yaye ta uwar Dudu ta karɓe ta, a Garwa ta girma, a can ta yi aure, yanzu har ta yi jikoki. Kun san kunyar ɗan fari, mu ma muna yi, amma ta Fulani ta fi tamu nauyi. Shekara arba'in da wani abu ina tare da Dudu, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Sai dai ta ce “waccan”, ko “'yar mutanen Garwa”. Zuwanta gida duk a biki ne ko mutuwa, cikin taro, su gaisa daga nesa ta juyo.

Wata safiya ina naɗa mata bandeji ta ce, “Kolejo, ƙafarki za ta kai Garwa?”

Na ce, “Me kika ajiye a Garwa?”

Ta ce, “Kifi nake marmari.”

Matar da ko kunu sai na roƙe ta take haɗiye cokali uku. Na san kifin da take nufi. Buba ya ce sam, in Adda, wato yayarsa Aminatu, take son gani bari ya kira ta a waya ta zo. Dudu ta ce duk wanda ya gaya wa waccan halin da take ciki ba ta yafe ba. Ya ce, “Inna, in abin ya same ki a hanya fa?” Ta ce, “Hanyar ba ƙasar Allah ba ce?” Ya ce to shi zai kai ta. Ta ce bakinsa ba shi da murfi, ita da baiwarta za ta tafi. Ni kuma ta sa na rantse ba zan faɗa ba. Na rantse. Abin da nake tsoro tun daga ranar shi ne kada matar nan ta mutu da maganar da ke cikinta ba ta gaya wa 'yarta ba, ko don hanya ta cinye ta, ko don kunya ta rufe mata baki.

Akwai maganin ruwa da asibiti suke ba ta na rage zafi. In lokacinsa ya wuce, Dudu takan ciji zani har ya yage. Rifkatu ce ta koya mini aunawa, tsohuwar nas ce a Herwagana, a da ƙosai take saye a wurinmu in ta taso daga coci. Ta ga ba na karatu, sai ta ɗaure jan zare a jikin sirinjin ta ce in zuƙo zuwa nan, kada in wuce. Lokutan kuma ta ɗaura mini su a kan salloli, da guda kafin barci. Ta manna filasta a jikin kwalbar ta ja layi goma sha biyu, kowane layi kwana ɗaya. Ta ba ni takardar likita ta ce, “Mama, wannan ki riƙe ta kamar ranki, ita za ki nuna a kan iyaka.” Sannan ta dafa kan Dudu ta yi mata addu'a irin tasu, Dudu ta ce amin.

Ranar tafiya na samu Dudu ta sa riga uku, ɗaya kan ɗaya, don a ga kamar da nama a jikinta. Ta sa kwalli, ta sa an yi mata lalle, ta yi wanka da turare saboda warin ciwon. Na ce, “Amaryar wa?” Ta ce, “Ɗauki jakata, baiwa ba ta tambaya.”

Buba ya kama mana gidan gaba mu biyu. Har Kumo lafiya. Daga Biliri zuwa Kaltungo zuwa gaba, duk ramin da motar ta faɗa a ƙirjina nake jin sa. Wata mata Batangaliya da ke bayanmu ta ga yadda Dudu ke runtse ido, ba ta tambayi komai ba ta kwance ɗaurin kayanta ta miƙo matashin kai. Wajen Cham rana ta karkata, na san azahar ta yi ko da ban ji kira ba, Dudu kuma ta fara cizon mayafi. Da na yi hankali da na ce da direba ya tsaya. Kunyar fasinjoji ta hana ni, na buɗe kwalbar mota na gudu. Sai taya ta faɗa wani rami. Maganin ya zubo mini a cinya.

Na ɗaga kwalbar na duba, layi biyu sun tafi a zanina. Na fasa kuka. Direba ya taka birki ya ce, “Baba lafiya?” Dudu ta ce, “Rabu da ita, Barebari ba su saba shiga mota ba.” Mota duka aka yi dariya, har wani mai albasa a baya yana cewa a yi haƙuri da ita. Ni kaɗai na san me ya zube.

Mun haye gadar Numan da la'asar, muka shiga Jimeta rana na faɗuwa. Direban nan, Allah ya yi masa albarka, bai bar mu a tasha ba, gidan gwaggonsa mai sayar da tuwo ya kai mu. Ta share mana ɗakin da take ajiye buhuna, ta dama kunun gyaɗa. Nasu da shinkafa suke yi, ya fi namu kauri. Dudu ta sha cokali biyu ta ce ya yi daɗi. Zafin garin nan kuwa, na Gombe wasa ne. Da asuba kafin in yi alwala sai da na tsaya a kanta ina kallon zanin da ta rufa, har na ga ya ɗaga ya sauka, sannan na fita.

Daga Jimeta wata tsohuwar mota muka shiga zuwa Belel, bakin iyaka. A wani rafi direba ya ce kowa ya sauka a taka, motar ba za ta haye da kaya ba. Na roƙa aka bar Dudu a ciki. Ni ina tsakiyar ruwa santsi ya kwashe ni, na dafa dutse da hannun dama, wuyan hannun ya ɗan murɗe. Na hau mota jiƙe sharkaf. Dudu ta kalle ni ta ce, “An zo da majinyaciya ɗaya za a isa da biyu.” Ciwon bai kai ya kawo ba, kafin yamma na manta da shi.

A kan iyaka na ɓangarenmu suka duba mu suka ce mu wuce. Na can ɓangaren, wani dogon saurayi da kaki, ya zazzage jakata ya ɗaga kwalbar yana magana da Faransanci. Na ƙura wa kwalbar ido. Na ce yau in ya riƙe kwalbar nan na kashe matar mutane a daji. Sai Dudu ta yi masa Fulatanci, irin wanda ban taɓa jin ta yi a Gombe ba, ta tambaye shi ɗan gidan wa ne. Nan take ya saki fuska. Ya kira ta Dada, wato uwa, ya dubi tsagata ya ce, “Dada, har da baiwa kike tafe?” Na ce baiwar ce ta ciyar da ita shekara arba'in. Na miƙa masa takardar Rifkatu. Ya karanta yana dariya, sai dariyar ta ɗauke. Ya dubi Dudu, ya dubi rigunan nan uku. Ta ce, “Maganin tari ne.” Ya ce, “Haka ne, Dada.” Da hannu biyu ya mayar mini da kwalbar, kuma shi ya nemo mana motar da za ta bi ta Gashiga zuwa Garwa, ya ce da direban ya tafi a hankali, uwarsa ce.

Garwa gari ne na babura, har mata na gani suna tuƙawa da kansu. Burodinsu dogo kamar sandar makiyayi, bayansa tauri, ranar farko sai da na jiƙa shi a shayi saboda haƙorana. Gaisuwarsu kuwa ba ta ƙarewa, sai a tambaye ka gida, a tambaye ka gajiya, a tambaye ka zafi, a sake komowa kan gida, murya ƙasa ƙasa kamar ana gulma.

Da muka yi sallama Aminatu ta fito. Wallahi sai da na ja da baya, Dudu ce sak lokacin da take da ƙarfinta. Ni ta rungume, “Gwaggo Falmata, Gwaggo Falmata,” ta karɓi kayana. Uwarta kuwa sai da aka shigar da ita ɗaki aka zaunar, sannan ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa, kanta a ƙasa, ta yi gaisuwa. Dudu ta amsa tana kallon bango. Shi ke nan. Tafiyar kwana biyu da rai a hannu, abin da aka yi ke nan.

Daga ranar Aminatu ta shiga madafa. Kifin Binuwai soyayye, kifi a miya, tuwon masara da miyar yakuwa da gyaɗa da suke kira folere, kindirmo, naman kaza. Ta kawo ta ajiye a bakin ƙofa, ta yi sallama ta juya. A wurinta wannan shi ne girmama uwa. Dudu kuma ba ta iya ci, amma ta ce kada kwano ya koma a cike waccan ta gane. Ni nake cinye rabon mutum biyu. Ina ci ina hawaye, cikina kamar zai fashe, Aminatu ta zo ɗaukar kwanuka ta ga wayam ta yi murna ta ƙaro wani.

Wanka da wankin ciwo kuwa sai Aminatu ta tafi kasuwa nake yi, in ƙona tsumman a bayan gida.

Kwana ɗaya, biyu, uku, huɗu. Layukan kwalba suna sauka. Dudu ta daina iya tsayuwa a salla, rigunan nan uku suka fara yi mata nauyi. Ran na huɗu na rufe ƙofa na ce, “Wai ba kifi kika zo ci ba? Ga kifi ni nake ci.”

Ta ce, “Ai ina ganinta. Ta ƙofar nan take wucewa in za ta rijiya. Jiya sau tara ta wuce.”

Na ce, “Don ki ƙirga wucewarta na zubar da magani a Cham?”

Ta ce, “Ya ishe ni, Kolejo.”

Na ce, “Ita fa? In kin tafi a gaya mata uwarta ta zo gidanta tana mutuwa ita tana suyar kifi? Da wane ido za ta kalli kanta?”

Ta juya mini baya ta ce, “Kin rantse.”

Na rantse kam. Saura layi huɗu a kwalba, hanyar komawa kwana biyu, kuma na san jikin nan ba zai sake ɗaukar hanyar Numan ba. Da safe ina shafa man zafi a gwiwata sai na tuna faɗuwar da na yi a rafi. Allah ya gafarta mini. Na yagi tsohon ɗankwali na naɗe hannun dama tun daga yatsu har gwiwar hannu, na rataye shi a wuya, na fita tsakar gida ina nishi.

Aminatu ta saki muciya ta ce, “Gwaggo, me ya same ki?”

Na ce, “Faɗuwar hanya ce ta tashi. Ko buta ba na iya ɗagawa. Ga uwarki kuma ba ta iya cuɗa bayanta, ni nake mata wanka. Yau sai ke.”

Ta zaro ido ta ce, “Ni? Gwaggo, bari in kira maƙwabciyarmu, dattijuwa ce.”

Na ce, “Maƙwabciya ta ga tsiraicin uwarki kina raye? A Garwa haka ake yi?”

Ta je ta ɗora ruwa. Na shiga ɗaki, Dudu ta ji komai. Ta dubi hannun ta ce, “Munafuka.” Na ce, “Cewa na yi ba zan faɗa ba, kin ji na faɗa?” Na ɗauka za ta ƙi tashi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo hannu ta ce, “Tashe ni.”

Na kai ta banɗaki da hannu ɗaya, na zaunar da ita a kan kujerar tsuguno, fuskarta ga bango. Aminatu ta shiga da bokiti. Ni na kifa turmi a jikin katangar na zauna na kasa kunne. Ina jin ana cire riga ta farko. Ta biyu. Ta uku. Sai na ji ƙwaryar wanka ta faɗi a ƙasa tana gangarawa.

Daga nan shiru. Shirun ya yi tsawo har na miƙe zan leƙa, ina cewa na kashe ta da hannuna. Sai na ji an zuba ruwa. An sake zubawa. Can sai muryar Dudu, ƙasa ƙasa, da Fulatanci. Ashe abin da ya gagare ta fuska da fuska, da ta ba da baya ya zo mata da sauƙi. Ta ce, “Ranar da aka ɗauke ki, nonon nan kwana bakwai yana zuba. Ban yi kuka ba, don kada a ce ba ni da kunya. Duk shekara in an yi ruwan fari ina cewa yau waccan ta ƙara shekara.” Ta faɗi wasu maganganun da ba nawa ba ne, ba zan sa a rubuta ba. Daga wajen Aminatu ƙarar soso kawai nake ji.

Sannan na ji Dudu ta ce, “Aminatu, ruwan ya huce. Ƙaro mai zafi.”

Aminatu ta fito da bokiti ta wuce ta gabana ba ta gan ni ba. Ta tsaya a bakin murhu, ta cusa bakin zaninta a baki, kafaɗunta suna rawa. Ta gama, ta share fuska, ta ɗebi ruwan zafi ta koma.

Ran nan ta kwashe tabarmarta ta dawo ɗakinmu. Mijinta ya ɗauki takardar Rifkatu da kwalbar ya je asibitin garin, aka turo wanda ya duba Dudu, aka ba da wani maganin kafin namu ya ƙare. Na nuna wa Aminatu yadda ake wanke ciwon. Kwanuka suka daina zuwa goma goma, sai kunu a ɗan kofi, tana ba ta a baki. Har yanzu ba sa haɗa ido sosai. Amma sunan nan, da ya fito sau ɗaya, sai ya zama ba ta gajiya da shi. Aminatu gyara mini matashi, Aminatu rufe taga, Aminatu buɗe tagar.

Na ƙara kwana shida. Ran na bakwai Dudu ta ce, “Kin sauke kaya, Kolejo, koma gida. Kina cinye wa 'yata abinci.” Na ce ba inda za ni. Ta ce, “Ba na so ki gani. Kin ga na mijinki, kin ga na nawa, ya isa.” Ta jawo hannuna, da kanta ta warware ɗankwalin nan da na yi ta yawo da shi, ta ce, “Kwance ƙaryar nan, kada ki shiga Gombe da ita.” Muka yafi juna. Na ce ta yafe mini rantsuwar, ta ce baiwa ba ta da rantsuwa.

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Saurayin kan iyaka ya gan ni ni kaɗai ya cire hula, na ce masa a'a, tana nan, tana wurin 'yarta. A Cham azahar ta yi, hannuna ya shiga jaka yana neman kwalba.

Yau kwanana tara a gida. Wayar da Buba ya ba ni tana ƙulle a bakin zanina, ko banɗaki da ita nake shiga. Duk ta yi ƙara sai na yi salati kafin in ɗauka. Jiya Aminatu ta ce ruwa kawai Dudu take karɓa, amma ta tambaya ko baiwarta ta isa lafiya. Yanzu da nake maganar nan ban sani ba ko tana numfashi. Wanda aka karanta masa, ya sa ta a addu'a, Allah ya sassauta mata, ya sa ta cika da kyau.

Saura abu ɗaya. Malama, daina kallona. Juya mini baya, ki riƙe takardar a cinyarki. Yawwa, haka. Kin yi ta rubutu tun hantsi ba ki ci komai ba.

Sannu, Hamsatu.

To, na faɗi sunanki. Rubuta shi.